Lalurar Otizim da Fasahar Zamani: Abin da Na'ura Za Ta Iya Yi wa Yaronku da Abin da Ba Za Ta Iya Ba

Idan yaronku ya kai shekara biyu bai fara magana ba, ko kuna kiran sunansa ba ya waiwayowa alhali yana jin ƙarar buɗe ledar biskit daga wani ɗaki, da wuya a ce ba ku sha shawarwari ba. Wani zai ce nauyin baki ne na gado, wani ya ce iska ce, wani kuma ya turo muku bidiyo ta WhatsApp na wata na'ura da aka ce tana warkar da irin waɗannan yara a ƙasar waje.

Gaskiya ne likitoci da injiniyoyi sun haɗa kai wajen ƙera kayan aiki saboda wannan lalura, kuma wasunsu suna da amfani sosai. Amma har yau babu na'ura, manhaja ko magani da ke warkar da otizim. Fasaha tana taimakawa ne ta hanya uku: gano lalurar da wuri, ba yaro hanyar bayyana abin da yake so, da kuma binciken musabbabinta. Ga iyalan da ke Samaru, Sabon Gari da kewaye, kayan aikin da ya fi amfani a cikinsu duka shi ne wayar da ke hannunku.

Mece ce lalurar otizim?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma yana farawa tun yaro yana ciki. Za ku ji ana kiranta galahanga, sai dai mutane suna amfani da wannan kalma ga lalurori da dama da ba ɗaya suke ba, shi ya sa muka zaɓi sunan da za ku ji a bakin likita. Alamominta sun kasu gida biyu: wahalar mu'amala da sadarwa, kamar rashin haɗa ido da rashin nuna abu da yatsa, da kuma maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannu, jera kaya a layi, ko tashin hankali idan an canza abin da yaro ya saba.

Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya bayyana lalurar a rubuce a 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza, kusan ninki uku zuwa huɗu. Ba ta zuwa iri ɗaya: wani yaron ba ya magana ko kaɗan, wani kuma yana haddace karatu fiye da sa'o'insa amma ba ya iya wasa da su. Ba sakacin uwa ke kawo ta ba, ba baki ba ne, ba kuma shafar aljanu ba.

Ku kai yaro wurin likita idan kun lura da ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ba ya waiwayowa idan an kira sunansa bayan ya cika shekara 1.
- Ba ya nuna muku abu da yatsa don ku ma ku gani, bayan wata 18.
- Bai faɗi kalma ko ɗaya ba a wata 16, ko bai haɗa kalma biyu ba a shekara 2.
- Ya fara magana ko gaisuwa da hannu, daga baya ya daina, ko a wane shekaru ne.

Me ya kawo injiniyoyi cikin lamarin?

Zazzaɓin cizon sauro ana gane shi da ɗigon jini. Otizim ba ta da irin wannan gwaji. Likita yana gane ta ne ta hanyar kallon yadda yaro ke wasa da mu'amala, da sauraron tarihinsa daga iyaye. Wannan yana cin lokaci, yana buƙatar ƙwararre, ƙwararrun kuma kaɗan ne a ƙasarmu. Sakamakon haka yara da yawa sai sun shiga makaranta ake gane halin da suke ciki, alhali shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin injiniya a nan shi ne ya mayar da abin da ido ke gani zuwa abin da za a iya aunawa: ina yaro ke kallo, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya juyo idan an kira shi, yaya yake motsa kansa da yatsunsa.

Na'urorin gano lalurar da wuri

A 2013 masu bincike biyu a Atlanta ta Amurka, Warren Jones da Ami Klin, suka nuna cewa jariran da daga baya aka tabbatar suna da otizim sun fara rage kallon idanun mutane tun tsakanin wata 2 da wata 6. Daga wannan aiki aka ƙera na'urar EarliPoint. Yaro yana zaune yana kallon bidiyon wasu yara suna wasa, kyamara kuma tana bin ƙwayar idonsa sau 120 a kowace daƙiƙa, sannan kwamfuta ta gwada inda ya kalla da inda sa'o'insa ke kallo. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022 ga yara 'yan wata 16 zuwa 30.

A 2021 hukumar ta amince da wata manhaja mai suna Canvas Dx, wadda ke haɗa amsoshin iyaye, gajerun bidiyon da suka ɗauka a gida da bayanin likita, sai ƙirƙirarriyar basira ta tantance su.

A Jami'ar Duke kuma, masaniyar halayyar yara Geraldine Dawson da injiniya Guillermo Sapiro sun yi manhajar SenseToKnow da ke aiki a kwamfutar hannu cikin kusan minti 10. A gwajin da suka wallafa a 2023 kan yara 475, manhajar ta kama kusan kashi 88 cikin 100 na waɗanda ke da otizim. Sai dai cikin duk yara 10 da ta yi wa alama, kusan 4 ne kawai aka tabbatar suna da lalurar. Wannan adadi shi ne darasin: na'ura tana tace waɗanda ya kamata a duba, likita ne ke yanke hukunci.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. An horar da waɗannan na'urori ne da bayanan yaran Amurka. A gidajenmu ana koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba, ga kunyar ɗan fari da ke sa wasu iyaye ba sa kiran sunan yaro kai tsaye sai da laƙabi. Kayan aikin da aka gina kan haɗa ido da amsa suna dole a sake gwada shi a kan yaranmu kafin a dogara da shi. A Indiya an bi wannan hanya: an gwada wata manhaja mai suna START a unguwannin talakawan Delhi, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa shiga gida-gida da kwamfutar hannu.

Kafin irin wannan ta iso gare mu, akwai kayan tacewa da ba sa buƙatar wuta. Takardar M-CHAT-R tana da tambayoyi 20 da ake amsawa da "e" ko "a'a" game da yaro ɗan wata 16 zuwa 30, kuma kyauta ce. Ku tambayi likitan yara ya cike ta tare da ku.

Wayarku: shaidar da likita ke buƙata

Yaro a asibiti ba kamar yaro a gida ba ne. Bayan doguwar jira a layi, ga zafi ga baƙin fuskoki, yana iya yin kuka daga farko har ƙarshe, likita bai ga komai ba. Bidiyon da kuka ɗauka a gida yana cike wannan giɓi. Kafin ranar ganin likita ku ɗauki gajerun bidiyo huɗu ko biyar, kowanne minti 1 zuwa 2:

- Ku tsaya bayan yaro yana wasa, ku kira sunansa da murya ta yau da kullum, ba tare da taɓa shi ba.
- Ku nuna wani abu daga nesa, ku ce "duba!", a ga ko zai bi yatsanku da ido.
- Ku ɗauke shi yana cikin yara, a ga ko yana shiga wasansu.
- Ku ɗauki duk wani motsi da yake maimaitawa.
- Idan yana yin shiru ya ƙafe ido, ko jikinsa na fizga, ku ɗauka daga farko zuwa ƙarshe.

Ku tabbata akwai haske kuma fuskarsa da hannayensa suna fitowa. Ku rubuta ranar da aka ɗauka. Waɗannan bidiyo na likita ne kaɗai. Kada ku sa su a Facebook, TikTok ko zaurukan WhatsApp don neman shawara, domin abin da ya shiga intanet ba ya fita, yaron kuma zai girma.

Gwaje-gwajen da za a iya yi a asibiti

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, gaba kaɗan da Samaru a kan hanyar Funtuwa, yana da sashen yara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A Kaduna kuma akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa.

Gwajin ji shi ne na farko ga duk yaron da bai yi magana ba. Sanƙarau, ƙyanda da shawara mai tsanani a makon haihuwa suna iya lalata ji, kuma yaron da ba ya ji yana iya kama da mai otizim. Akwai na'urar da ake sa wa a kunne ta auna amsar da kunne ke mayarwa, da wata da ake manna wayoyinta a kai ta auna ko sauti na isa ƙwaƙwalwa. Dukansu ba sa ciwo, kuma ba sa buƙatar yaro ya ce komai.

Gwajin wutar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira EEG, ana yin sa ne idan ana zargin farfaɗiya, wadda ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran yara. Shi kansa ba ya nuna otizim. Haka ma hoton ƙwaƙwalwa na MRI: yana da tsada, sau da yawa sai an sa yaro barci, kuma ba kowane yaro ke buƙatarsa ba. Kada ku kashe kuɗinku a kansa sai likita ya faɗa muku takamaiman abin da yake nema.

Fasahar da ke ba yaro hanyar magana

Yawancin ihu, cizo da buga kai da kuke gani, magana ce da ta rasa hanyar fita. Yaron da ke jin ƙishirwa ko ciwon haƙori kuma ba zai iya faɗa ba, jikinsa zai faɗa. A nan ne fasaha ta fi yin tasiri a rayuwar yau da kullum.

A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka ɓullo da tsarin musayar hoto da ake kira PECS: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi abin nan take, a kuma faɗi sunansa. Kuna iya fara irin wannan a gida:

1. Ku ɗauki hoton abubuwa biyar da yaro ya fi so, na gidanku na ainihi: kofinsa, ƙosai, kunu, takalminsa, ƙofar fita.
2. Ku kai shagunan buga takardu, irin waɗanda suka cika Samaru saboda ɗalibai, a buga su a rufe da leda mai tauri.
3. Ku fara da hoto ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe ƙosan, wani ya kama hannun yaro daga baya ya taimaka masa ya miƙa hoton.
4. Da ya miƙa, ku ce "ƙosai", ku ba shi ba tare da jinkiri ba. A hankali ku rage taimakon, ku ƙara hotuna.

Akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki: yaro ya taɓa hoto, waya ta faɗi kalmar. Proloquo2Go ta kuɗi ce, Cboard kuma kyauta ce, kuma asusun UNICEF ya tallafa wa aikinta. Da yake muryoyin da ke zuwa da irin waɗannan manhajoji galibi ba na Hausa ba ne, ku nemi wadda ke ba ku damar sa hotonku da naɗar muryarku. Ko kuna da manhaja, ku ajiye hotunan takarda, domin ba sa jiran caji.

Iyaye da yawa suna tsoron cewa hoto zai sa yaro ya yi kasalar magana. Bincike bai nuna haka ba. Wasu yaran ma maganarsu ƙaruwa take yi. Haka kuma a gidajen Sabon Gari da ake jin Hausa, Yarbanci, Ibo da Turanci a tsakar gida ɗaya, yawan harsuna ba ya kawo otizim, kuma babu dalilin daina yi wa yaro harshen gidansu.

Hotuna suna taimakawa wajen tsara yini ma. Ku jera su a bango: tashi, wanka, karin kumallo, makaranta, islamiyya, barci. Yaron da ya san abin da ke tafe ya fi samun natsuwa.

Hayaniya da tsaro

Yara da yawa masu otizim suna jin sauti fiye da kima. Ƙarar janareta, injin markaɗe, hon ɗin babura a Kwangila ko cinkoson kasuwar Sabon Gari na iya zame musu azaba. Abin rufe kunne irin na masu aiki da manyan injina yana rage wannan. A sa shi lokacin buƙata kawai, kada ya wuni da shi.

Wasu yaran kuma suna fita ba tare da sanin kowa ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. Nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yaran da suka ɓace ta haka. Ku rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, ku sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, ku ɗaura ƙararrawa a ƙofa. Wanda ke zaune kusa da rafin Kubanni, kududdufi, layin dogo ko babban titi ya ƙara kula, musamman da damina. Akwai agogon hannu mai nuna inda yaro yake ta waya, amma yana buƙatar caji da sabis. Lambar wayarku da aka ɗinka a rigarsa, da maƙwabtan da suka san halinsa, ba sa mutuwa da batir.

Mutum-mutumi da tabarau masu kwamfuta

Kuna iya ganin bidiyon mutum-mutumi yana wasa da yara. Ɗaya daga cikinsu, Kaspar, an ƙera shi a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila tun 2005. Fuskarsa ba ta da yawan motsi, abin da ke sa wasu yara sakin jiki da shi. A Jami'ar Stanford an gwada tabarau masu kyamara da ke gaya wa yaro ko fuskar da yake kallo ta fara'a ce ko ta fushi. Gwaje-gwajen irin waɗannan kaya ƙanana ne, kuma ba a tabbatar cewa abin da yaro ya koya da na'ura yana binsa zuwa mu'amala da mutane na dogon lokaci ba. Rashinsu bai rage wa yaronku komai ba.

Abin da ya fi su hujja shi ne horar da iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koyar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 yadda za su mayar da wanka, cin abinci da wasa su zama darasin sadarwa. An gwada shi a Habasha da Kenya, kuma tun 2022 akwai darussansa kyauta a intanet.

Me binciken gado ya gano?

Bincike ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma, kusan kashi 80 cikin 100 bisa wani babban bincike na ƙasashe biyar da aka wallafa a 2019. An gano ƙwayoyin gado sama da 100 da ke da hannu, daga ɓangaren uwa ko uba, wasu kuma sabon canji ne da ba a samu a jikin kowannensu ba. Don haka babu wanda za a ɗora wa laifi. Idan kuna da yaro mai otizim, kusan 1 cikin 5 na ƙannensa na iya samunta, saboda haka ku sa ido a kansu tun da wuri.

Haihuwar bakwaini da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin goyon ciki suna ƙara haɗarin. Mai shan wannan magani kada ta daina da kanta. Ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Allurar rigakafi ba ta kawo otizim. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan jita-jita an janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Wani bincike a Denmark kan yara sama da 650,000, wanda aka wallafa a 2019, bai ga wata alaƙa ba. Ƙyanda kuwa tana kisa, tana makantarwa, tana kurmantarwa.

Hattara da masu sayar da "waraka"

Duk wanda ya ce na'urarsa ko maganinsa na warkar da otizim, ku riƙe kuɗinku. Daga cikin abubuwan da ake tallatawa akwai ɗakin iskar oksijin mai matsi, dashen ƙwayoyin halitta a ƙasashen waje, maganin "wanke ƙarfe daga jini" wanda ya taɓa kashe yaro a Amurka a 2005, da wani ruwa da ake kira MMS wanda a zahiri sinadarin bilic ne. Haka nan na'urar da ake ɗora hannu a kai ta "karanta duk cututtukan jiki" ba ta gano komai. Duka, ɗauri da turaren hayaƙi mai shaƙe numfashi cutarwa ce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Magunguna irin su risperidone suna rage tsananin fushi da cutar da kai a wasu yara, amma suna da illa kamar ƙiba da yawan barci. Likita ne kaɗai zai rubuta su, ya kuma riƙa bibiya.

Ku kula da bambanci tsakanin wayar da yaro ke magana da ita da wayar da aka ba shi don ya yi shiru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Awannin da ya yi yana kallon katun shi kaɗai, awanni ne da bai yi da mutane ba.

Gudummawar da za ku iya bayarwa

Mafi yawan binciken otizim an yi shi ne a Turai da Amurka. Zariya tana da abin da ake buƙata don rage wannan giɓi: tsangayar injiniya da masana kwamfuta a Samaru, likitocin yara a Shika, tafiyar mintuna kaɗan tsakaninsu. Allon magana mai muryar Hausa, ko takardar tacewa da aka gwada a kan yaranmu, aiki ne da ba ya yiwuwa sai da iyaye. Idan aka gayyace ku shiga bincike, ku tambaya: kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince? Wa zai ga bidiyon yaro? Kuna da 'yancin ƙi ko janyewa, kuma hakan ba zai shafi kulawar da ake ba yaronku ba.

Abin da za ku yi daga yau

- Ku ɗauki bidiyo, ku rubuta abin da ke damunku da lokacin da ya fara.
- Ku ga likitan yara, ku nemi gwajin ji.
- Ku fara amfani da hotuna. Ba sai an tabbatar da sunan lalurar ba.
- Ku gyara tsaron gida, ku cika alluran rigakafi.
- Ku sanar da malaman makaranta da na islamiyya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaronku haƙƙin ilimi kamar kowa.

Ku garzaya asibiti nan take idan yaro ya yi jijjiga, ya ji wa kansa rauni mai tsanani, ya daina ci da sha, ko halinsa ya canza farat ɗaya, domin sau da yawa ciwo ne a jiki da ya kasa faɗa.